Ranar da Dela Ta Tsallake Lubna

A wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni aka haifi Dela, kuma tun ba ta iya ɗaura zane ba mutanen unguwa suka gane sun shiga uku. Ubanta fasa dutse yake yi, ya tara tsakuwa, masu tifa su zo daga Kazaure su kwasa. Sa'o'inta suna yawon tallan gyaɗa, ita tana gefen tsohon da 'yar gudumarta, ƙwas, ƙwas, har rana ta faɗi. Kafin ta isa aure damtsenta ya fi na samari da yawa kauri. A firamare ta fasa wa wani ƙato baki don ya kira ta mai hannun maza. A bakin rijiya ta rotse wata mata da guga, har gobe tabon yana goshin matar. Ba wai duk faɗan da ta yi ita ce da gaskiya ba, ina! Dela akwai tsokana, akwai baƙar magana. Abu ɗaya dai, ba a taɓa ganin ta ɗaga wa ƙaramin yaro hannu ba.

Aurenta ɗaya, da wani direba mutumin Gwiwa. Wata rana ya dawo ya tarar tuwo ya huce, ya ɗauke ta da mari. Bawan Allah bai yi bincike ba kafin ya auro. Muciya tana kusa, ta sauke masa ita a baki, haƙora biyu suka zube a tabarma, yana kwance yana tofar da jini ya furta saki. Ta dawo gida da ƙaramin ciki, ta haifi Shahida, ta koma kan dutsenta, ba ta sake sauraron wani namiji ba.

Shahida kuwa, Allah mai iko, ko kusa ba ta ɗauko uwar ba. Yarinya ce siririya mai sanyin murya, da an yi mata tsawa sai hawaye. A kanta duniyar Dela ta tsaya. Takan ce wa yayanta Sama'ilu, "Yaya, ba ni da gona, ba ni da saniya. Suna kawai zan bar wa yarinyar nan. A ce uwarta masifaffiya ce, na yarda. Amma ba mai buɗe baki ya ce uwarta ɓarauniya ce, ko 'yar iska, ko mayya." Ta san abin da take faɗa. A garinsu an ɗauka maita a nono ake shanta. Ranar da aka tabbatar wa mace wannan suna, an gama da 'ya'yanta: ba mai cin abinci kwano ɗaya da su, ba mai neman aurensu, abin har kan jikoki.

Sama'ilun nan shi ya kawo gem, wata 'yar na'urar wasan yara. Gadi yake yi a Legas, 'ya'yan maigidansa suka gaji da abin suka ba shi, ya zo da shi da Babbar Sallah tsarabar Shahida. Ɗan abu ne kamar sabulun wanki, gilashi a tsakiya, madannai hagu da dama, in ya mutu a kai shi wurin mai cajin waya. A ciki wani ɗan mutum ne yake gudu, ya tsallake rami, ya ɗare kan katako, ya dira kan wani, ƙaya a ƙasa, wuta a gaba. In ka iya leƙa lungu sai ka tsinci ƙwai. Ƙwan ya fashe, wata 'yar dabba ta fito, ba kyanwa ba, ba ƙadangare ba, da dara-daran idanu, ta riƙa bin ɗan mutumin tana taya shi faɗa da dodanni. Kana ciyar da ita, tana cin faɗa, rannan sai gilashin ya yi walƙiya ta rikiɗe. Ƙaho ya fito mata ko fiffike, ta zama wata aba dabam.

Shahida ta kasa, kullum ɗan mutumin a rami yake ƙarewa. Dela ta karɓa wai za ta nuna mata. Shi ke nan, an rabu da Dela! Matar da yatsunta suka yi kanta saboda guduma, ita ce zaune a inuwar dutse da azahar, harshe a waje, tana cewa, "Tsallaka, ɗan banza! Tsallaka mana!" Abin mamaki, faɗa ya ragu. Haushin da a da take saukewa kan maƙwabta, yanzu dodannin cikin gilashi ke shan sa. Har mai unguwa, wani dattijo da kowa ke kira Kawu, ya ce da ya san maganinta ke nan da tuni ya sayar da akuya ya sayo mata.

Yara suka mayar da inuwar dutsen nan dandali. Duk sanda ƙwai ya fashe, gem ɗin yakan nemi a raɗa wa dabbar suna, Dela kuwa tana iya harhaɗa baƙaƙen boko. Ta farko ta sa mata Shahida. Sauran yaran suka ce ba su san zancen ba.

"Gwaggo Dela, ni ma sa mini!"

"Gwaggo Dela, mai dogon kunnen nan tawa ce!"

Ta riƙa sawa tana zaginsu, suna ƙyaƙyata dariya. Kafin a yi damina biyu babu yaron unguwar da ba shi da dabba a cikin gilashin. Kowa ya san tasa, yana zuwa duba ta, in ta rikiɗe ya ruga gida yana shela. Iyaye suna ji suna murmushi, wasu ma sun gode mata da take riƙe musu yara. Ko mutum ɗaya bai ce uffan ba a lokacin.

Cikin yaran akwai Lubna, ƙawar Shahida, 'yar maƙwabcinsu Lauwali ɗan acaɓa da matarsa Lailatu. Dabbar Lubna shuɗiya ce mai guntuwar wutsiya, ta daɗe ba ta girma ba, yarinyar kullum cikin mita. Da damina ta yi nisa, rannan dai dabbar ta rikiɗe, ta yi fiƙoƙi da jajayen idanu. Lubna ta kusa haukacewa don murna. Washegari zazzaɓi ya kwantar da ita.

Aka jiƙa saiwa, aka sayo ƙwaya a kemis, jiki sai ƙara zafi yake. Ta fara sanƙarewa, idanu suna juyewa. Wata tsohuwa mai bakin tsiya ta kawo turare, ta ce a banka mata, in kamun maye ne yarinya za ta kama suna. Aka lulluɓe ta da zane, hayaƙi ya turnuƙe ta, tana tari tana kuka, ana ta "Wa kika gani? Faɗi, wa kika gani?" To, don Allah, wa ƙaramar yarinya za ta kira, wadda ba abin da ke ranta sai dabbarta da mai dabbar? Ta ce, "Gwaggo Dela."

Dela tana kan dutse da hantsi ta ji hayaniya ta nufo ta. Ta ɗaga kai ta ga rabin unguwa, maza da mata, da sanduna da taɓare. Lauwali ne a gaba, ya naɗe sarƙar babur a hannu, idanunsa sun kaɗa jawur.

"Mayya! Sake mini 'ya!"

Dela ta miƙe da guduma a hannu. "Lauwali, uwarka ce mayya."

Ya wurgo sarƙar, ta sauka a kafaɗarta, ta yage riga ta tafi da fata. Da kan gudumar ta sa masa da an yi jana'iza a ranar. Ta juya gudumar, ta zunguro masa ƙota a haƙarƙari, ya durƙushe yana neman numfashi. Samari biyu suka faɗo mata. Ta gwara wa ɗaya kai a hanci, ji kake ƙas, jini ya ɓalle. Ɗayan ya shaƙe ta ta baya, ta kama kunnensa da haƙori, bai saki ba sai da ya ji ana neman raba shi da shi. Da suka ga haka sai suka ja da baya, matsorata, suka koma kan tarin tsakuwar da ta fasa da hannunta, suka yi ta ruwan jifa. Ta kare fuska, ta kare kai, wani ƙaton dutse ya same ta a ƙeya. Tana faɗuwa suka rufar mata da sanduna.

Da ƙafafu suka ja ta har ƙofar gidan Lauwali, bayanta yana goge ƙasa. A hanya gem ɗin ya faɗo daga ƙugunta. Ba wanda ya yarda ya taɓa shi da hannu, sai wani ya naɗe shi a hula ya ɗauko. Aka sa wani saurayi ya kunna. Ga dabbobi nan jere, kowace a ɗan ɗakinta, da suna a ƙasa. Ga shuɗiyar nan mai fiƙoƙi a kwance, idanu a rufe, don jiya ta sha kashi a hannun wani dodo kuma Dela ba ta samu ta yi mata magani ba. Saurayin ya karanta sunan da ke ƙasanta. Lailatu ta ƙwala ihu ta zube. Ya ci gaba da karantawa, duk sunan da ya kira sai wata uwa ta ɗora hannu a ka. Iyayen nan da suka yi ta murmushi, su ne yanzu suke rantsuwa da ma sun daɗe suna zarginta. An san maye a jikin ƙananan dabbobi yake ɓoye kurwar mutane, ga shi kuwa ta tara kurwar 'ya'yan unguwa kaf a cikin gilashi, har tana rikiɗa su. Tir da wannan hankali.

Kawu mai unguwa ya iso yana haki. "Jama'a, ku ji tsoron Allah! A kai maganar gaban dagaci!" Wani ya bangaje shi, hularsa ta faɗi cikin taɓo, aka tattake ta.

Aka fito da Lubna a tabarma aka shimfiɗe a tsakar gida. Abin da ake so Dela ta yi sananne ne: wanda ake zargi ya tuɓe, ya tsallake maras lafiya sau uku, wai kurwar ta koma jikin mai ita. Dela ta san sauran zancen da ba a faɗa. Duk wadda ta tsallake ta amsa laifi da ƙafafunta, ba rantsuwar da za ta wanke ta, balle ta wanke 'yarta.

"Tashi ki tsallake," in ji Lauwali, yana dafe da haƙarƙari.

Ta tofar da jini. "Ba zan tsallake ba."

Ya take mata hannun dama da ƙafa, ya ɗauki taɓarya ya sauke a kan yatsun. Ta ji ƙarar karyewarsu kafin ta ji zafin. Ta yi ƙara ɗaya ta datse haƙora.

"Za ki tsallake?"

"Ko uban da ya haife ka ya taso daga kabari."

Suka sake rufar mata. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, leɓe ya tsage. Wani ya gangaro da tsohuwar taya, wani ya zuƙo fetur daga tankin babur ɗin Lauwali ya kwara mata a ka. Warin ya cika gidan, mata suka fara ja da baya. Dela ta ji tsoro, ƙarya ne a ce ba ta ji ba. Amma ta yi tunaninta ta gama. In suka ƙone ta tana cewa a'a, gobe hankalinsu zai dawo, a ce an zalunci baiwar Allah, Shahida ta tashi 'yar wadda aka zalunta. Wannan suna ne da yarinya za ta iya rayuwa da shi. Ta ɗaga idon da ya rage ta dubi wani yaro da ke riƙe da ashana.

"Ƙyasta mana. Me kake jira?"

Yaron bai ƙyasta ba. Sai tsohuwar nan mai turare ta matso, Allah ya isa tsakanin Dela da ita. Ta ce, "Ku bar wahalar da kanku. Ai 'yar ta sha nono. In uwar ta ƙi, tsallaken 'yar ma ya wadatar."

A ƙarƙashin gado suka samo Shahida. Suka jawo ta da hannu ɗaya, tana tirjewa tana "Inna! Inna!" Wani ƙato mai gemu, wanda ya haifi kamarta, ya wanke ta da mari don ta yi shiru, yarinyar ta kife a ƙasa. Dela da sanda ba ta sa ta kuka ba, taɓarya ba ta sa ta ba, nan ta rushe kamar ƙaramar yarinya.

"Ku sake ta! Ku sake ta, zan tsallake!"

Ta rarrafa zuwa bakin tabarmar. Sai a lokacin ta ga Lubna da kyau: wuya a sanƙare, leɓe ya bushe ya farfashe, numfashi sama-sama. Yarinyar da take hawa mata baya tana leƙen gilashi. Tausayi ya kama ta, haushi ya kama ta, don ta ga sarai in aka bar yarinyar nan ga turare da tsallake ba za ta kai gobe ba. Kuma ta san roƙo ba zai shiga kunnen Lauwali ba, abu ɗaya ne zai shiga.

"Lauwali," ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ina gama tsallakewa ka ɗora ta a babur ka kai ta asibitin Kazaure, yanzu-yanzu. In ta kwana a garin nan, wallahi ba zan sake ta ba."

Nan take aka ɗauki salati. Ta faɗa da bakinta! Kawu ya sunkuyar da kai, shi kaɗai ya gane abin da ta yi. Ya samu dai ya kora mazan waje. Mata suka kewaye ta, matan da ta yi wa wankan jego da waɗanda ta yi dambe da su, suna kallo ta kwance zane da hannun hagu. Ta tsallake, ta dawo, ta sake tsallakewa, jini da fetur suna ɗiga kan tabarmar. Ko zanen ba ta gama ɗaurawa ba ta ji tashin babur, Lailatu a baya rungume da yarinyar.

Ba su ƙyale ta ba tukuna. Sauran iyaye suka ce sai ta sako nasu. Fasa gem ɗin kuwa ba mai ƙarfin hali, kada yara su mutu a ciki. Aka ɗora mata shi a cinya. Akwai wurin da ake sallamar dabba in an gaji da ita, Dela ba ta taɓa shiga ba. Da babban yatsan hagu ta riƙa dannawa. Kowace dabba sai ta juyo, ta ɗaga hannu, ta ruga cikin ciyawa ta ɓace, uwar mai sunan ta ce alhamdu lillahi ta ja ɗanta su tafi. Wasu tun suna ƙwai take kiwonsu, ta san wadda ke tsoron wuta da wadda ke son ruwa. Aka sallame su duka, saura ɗaya, wata fara mai fiffike, wadda ta fi kowace girma.

"Wannan fa?" in ji saurayin da ke karanta sunaye.

"Tawa ce."

Ya duba sunan, ya dubi jama'a. Wata mata ta kama haɓa ta ce, "Innalillahi! Har 'yar cikinta ba ta bari ba."

Mai ɗorin garin ya ƙi zuwa. Sai daga Yankwashi Kawu ya ɗauko wani wanda bai san labari ba, ya ɗaure yatsun da karare. Dela tana kwance, jiki ba inda ba ya ciwo, ba abin da take yi sai addu'a Allah ya tashi kafaɗun Lubna. Kuma ta san me take roƙa. In yarinyar ta mutu, wataƙila wasu su ce to ashe ba maita ba ce, tunda an tsallake ba ta tashi ba. In ta warke, magana ta ƙare. Duk da haka warkewar ta roƙa, sallah bayan sallah, daga zaune.

Allah ya amsa. A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai, aka yi ta allura da ƙarin ruwa, Lubna ta dawo da ƙafafunta, ta rame amma tana dariya. Ba wanda ya yi zancen allura a garin. Masu tifa ba su daina sayen tsakuwa ba, su ba ruwansu, amma inuwar dutse ta koma ta Dela ita kaɗai. A makarantar Islamiyya, in Shahida ta zauna sai tabarma ta yi fili hagu da dama.

Rannan da la'asar, uwa da 'ya suna cin ɗanwake a kwano ɗaya, aka yi sallama. Lailatu ce. Ba ta shigo ba, daga bakin ƙofa ta durƙusa, ta ajiye ƙwaryar gero ta tura da ɗan yatsa. Ba da izgili ta zo ba, da ma izgilin ne da Dela ta san abin yi. Hawaye take yi na gaske.

"Yaya Dela, na zo godiya ne. Allah ya saka da alheri da kika sake mini ita. Don girman Allah kada ki sake kamawa."

Ta tashi ta tafi da baya da baya. Dela ta bi ta da kallo. Can ta ji muryar Shahida, ƙasa-ƙasa.

"Inna, ni ma na sha ko?"

"Kin sha me? Ƙarya suke yi, 'yar nan. Ƙarya ce tsagwaronta, uwarki ba mayya ba ce."

"To me ya sa ta warke da kika tsallake?"

Dela ta buɗe baki za ta ce likita, za ta ce allura. Ta miƙa hannun hagu don ta jawo yarinyar jikinta tukuna. Shahida ta kalli hannun, ta janye kafaɗarta a hankali. Ta tashi ta ɗauko wani ƙaramin kwano, ta ɗebi nata ɗanwaken, ta koma can bakin ƙofa ta zauna.